Farin soso da akwatin jita: tabon ya fita, ƙyallin ya bi shi

Farin soson nan na melamin da ake ta tallatawa a intanet, wanda ake cewa ruwa kawai za ka sa masa ya goge kowane irin tabo, na saya na gwada shi a kan akwatunan jita guda biyu. Kun san shi ai, irin wanda ke zuwa da yawa a leda ɗaya, yanka-yanka, ba shi da nauyi ko kaɗan, an rubuta a jikin ledar cewa babu sinadari kuma ya dace da kowane irin abu. Wannan magana ta "kowane irin abu" ita ce ta sa na zauna rubuta wannan sharhi, domin ba gaskiya ba ce, kuma akwatin da ba nawa ba ne ya ɗanɗana kuɗarta.

Akwatina na farko baƙi ne, na robar ABS, irin mai ɓarzajjen jiki da bakin alminiyam a zagaye. Ya daɗe a hannuna, ya sha but ɗin mota da bakin ƙofa da matattakalar bene, duk jikinsa farare-fararen layuka. Na biyun na Yayana ne. Na faiba ne, shuɗi mai duhu, an fesa masa fenti mai sheƙi har kana ganin fuskarka a murfin. Shi ya ba ni aro da zan yi tafiya a jirgin sama, saboda ya fi nawa ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma lallai ya tsare jitar, ko tsirkiya ɗaya ba ta saki ba. Amma akwatin ya fito daga bel ɗin kaya da baƙaƙen layukan roba a gefe, da wani dogon farin shafe a kan kafaɗar murfin, kamar ya gogi bango ko wata jakar. Wanda ya san yadda Yaya ke riritar kayan kiɗansa ya san ba zan iya mayar masa da shi a haka ba.

Kafin in taɓa komai sai da na duba ko tabo ne ko karce, domin ba ɗaya ba ne. Yawancin abin da muke gani a jikin akwati ba rauni ba ne, wani abu ne daban ya shafu a kai: robar bel, fentin bango, fatar wata jaka. Idan ka ja farcenka a kai ka ji yana wucewa sumul, ko ka ji abin ya ɗan tashi sama, to shafe ne kuma zai fita. Idan farcen ya faɗa cikin rami ya maƙale, an yanki jikin akwatin ne, babu soson da zai cike wurin. A akwatin Yaya duk shafe ne, ban da wani ɗan gajeren rami kusa da makulli. Na fara da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsumma mai laushi. Datti ya fita, rabin baƙin robar ma ya fita, farin shafen nan kuwa ko gezau.

Sai na ɗauko soson, na fara da nawa akwatin. Tsakani da Allah, abin ya burge ni. Ka jiƙa, ka matse, ka ɗan goga sau biyu uku, sai ka ga farin layin da ya yi shekaru a wurin ya ɓace. Har cikin ƙananan ramukan jikin robar yake shiga, inda tsumma ba ya kaiwa. Bakin alminiyam ɗin da ya yi duhu saboda hannu, ya dawo fes. Ragowar gam na wata tsohuwar sitika ne kawai ya gagare shi, ya riƙa cukurkuɗewa yana cin soson. A daren nan da za a ce in ba shi maki, da na cika masa ba tare da na yi tunani ba, har na ɗauki hoto na tura wa abokan kiɗana ina ce musu su nema.

Da na zo kan akwatin Yaya ban faɗa masa kai tsaye ba. Ledar ba ta ce a gwada a wani lungu ba, amma na gwada a bayansa, kusa da ƙafar robar da yake tsayawa a kai. Na goga, na share da tsumma, na duba a hasken ƙwan ɗaki. Babu abin da ya nuna. Sai na koma kan farin shafen. Ban danna da ƙarfi ba, ban daɗe ba. Farin ya riƙa narkewa a gaban idona, shuɗin yana fitowa, ruwa na kwance a kai yana ƙyalli. Na bi baƙaƙen layukan gefe su ma, na share, na jingine akwatin na kwanta ina murna.

Da gari ya waye na ɗauke shi zan sa jitar Yaya a ciki, hasken taga ya bugi murfin ta gefe, sai gabana ya faɗi. Daidai inda farin shafen yake, wani fili ya fito mai faɗin tafin hannu, dishi-dishi, kamar an hura masa numfashi bai washe ba. Ko'ina a murfin kana ganin hoton taga da ƙarafunanta tas, amma da hoton ya iso wurin sai ya narke ya zama hazo. Na matso da ido na ga siraran layuka birjik, duk sun bi hanyar da hannuna ya bi. A gefe ma haka, kowane baƙin layi ya bar dusasshen layi a madadinsa, kuma wannan ya fi na farkon faɗi. Na juya bayan akwatin inda na yi gwaji, na karkata shi ga taga, ashe shi ma ya dusashe, hasken ƙwai ne da ke saukowa daga sama ya ɓoye shi. Na sake wankewa da sabulu ina fatan ko ragowar soson ce ta bushe a kai. Muddin da ruwa a wurin sai ya yi kyau kamar babu abin da ya faru, yana bushewa hazon ya dawo. Wannan shi ya fi ƙona mini rai: a lokacin da kake aikin, ruwan da aka ce ka sa shi ne yake rufe ɓarnar, yana cike siraran karcen har haske ya riƙa dawowa daidai. Ba za ka gani ba sai bayan ka gama. Garin gyaran gira aka taɓa ido, kuma idon ma na wani.

Da a ce tabon na bari, kowa ya gani zai ce jirgi ne. Wannan kuwa kowa ya gani ya san hannun mutum ne.

Daga baya na zauna na bi diddigin mene ne ma wannan soson. Kumfa ce da ake yi daga ƙaron melamin da fomaldehaid, kuma asalinta ba don goge-goge aka yi ta ba. An daɗe ana amfani da ita wajen tare zafi da shanye ƙara, a jiragen ƙasa da na sama, har da bangon ɗakunan ɗaukar sauti, domin ba ta da nauyi kuma ba ta saurin kama wuta. Sai a farkon shekarun 2000 ta bazu a kasuwa a matsayin abin goge tabo. A hannu tana da laushi saboda kusan duk cikinta iska ce, amma siraran zaren da suka haɗa ta suna da tauri ƙwarai. Idan ka goga, waɗannan zaren ne suke kankare saman abin. Wato sanfefa ce mai laushin gaske. Gaskiya ne ba a zuba mata sabulu ko bilic ba, to amma ba wanki take yi ba tun farko, kankara take yi. A kan robar da launinta ya ratsa har ciki kuma jikinta ba sumul ba, ɗan abin da ta kankare ba ya nunawa. A kan fenti mai sheƙi kuwa, sheƙin nan ba komai ba ne illa santsin saman, kuma rufin nan marar launi da ake fesawa a kan launi siriri ne. A jikin mota yakan kasance maikuron 40 zuwa 50, bai kai kaurin silin gashi ba. Da zarar santsin ya tafi, hasken da ke dawowa a miƙe sai ya warwatse, ido ya ga hazo.

Duk wannan layi ɗaya ne a jikin leda. "Kada a yi amfani da shi a kan fenti mai sheƙi." Shi ke nan. Akwai masu sayar da irin wannan soso da suke rubuta hakan a kwalinsu, na gani daga baya. Wanda na saya bai rubuta ba, sai ma hotunan mota da firij da takalmi da ya jera, dukansu suna walƙiya.

Na rubuta wa mai sayarwar, na tura masa hotuna, na kafin da na bayan. Ya amsa da cewa wataƙila fentin akwatin ne ba mai kyau ba, kuma ba su taɓa samun irin wannan ƙorafi ba. Na ce masa, Malam, ba kuɗina nake nema ba, kuɗin soson ba wani abu ba ne, so nake ku ƙara gargaɗi a tallar don kada wani ya faɗa. Ya turo mini hoton babban yatsa. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu tallar tana nan yadda take, da kalmar "kowane irin abu" a saman ta.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne mai fentin mota. Na kai masa akwatin babu jita a ciki. Ya shafa wurin da bayan yatsa, ya ɗiga ruwa, ya ga hazon ya ɓace, ya ce, "Yaro, ka yi sa'a, bai huda rufin ba. Da ka ga shuɗi a jikin soson, da sai dai feshi." Na ce, "Baba, ban ga shuɗi ba, fari ne da baƙi kawai." Ya ce to za a iya. Ya zagaye makullai da bakin murfin da tef, ya ɗauko man goge fenti mai ɗan kaushi ya sa kaɗan a tsumma mai laushi, ya riƙa bi da hannu a hankali, yana sharewa yana karkata murfin ga haske. Ya ƙi sa inji. Ya ce faiba ba ƙarfe ba ce, ba ta kwashe zafi, inji na iya ƙona fentin, kuma a kan lanƙwasa da kusurwa rufin ya fi sirancewa. Bayan na farkon ya bi da wani man da ya fi shi laushi, sannan ya shafa kakin mota. Abin da ya yi shi ma kankara ce, amma daga mai kaushi zuwa mai laushi, har karcen ya yi ƙanƙantar da ido ba ya gani. Soson ya tsaya ne a tsakiyar wannan hanya ya bar ni a can.

Abin da ya faɗa mini yana shafa kakin shi ne ya ƙara mini takaici. Ya ce farin shafen nan tun farko da man laushin kaɗai zai fita cikin minti kaɗan, baƙin robar kuwa ko kakin ma zai ɗauke shi. Wato da ban sayi soson ba sam, da aikin ya fi sauƙi.

Murfin ya dawo, zan ce kusan duka. A tsaye a gabansa ba ka ganin komai. Idan ka san wurin, ka karkata shi ga rana, akwai ɗan bambanci a gefen kafaɗar inda Baba ya ce ba zai ƙara ci ba don kada ya kai ga launi. Na nuna wa Yaya da kaina, na gaya masa yadda aka yi daga farko har ƙarshe. Ya daɗe yana juya murfin a haske, sannan ya ce, "Jitarka ta iso lafiya?" Na ce lafiya lau, Yaya. Ya ce to aikin akwati ke nan. Bai ƙara magana a kai ba, amma na san yadda ya tara kuɗi ya sayi akwatin nan, kuma na san ya ga wurin.

A nan na so in tsaya in ce soson yana da kyau a kan ABS, ba shi da kyau a kan fenti, in raba maki biyu in huta. To amma nawa akwatin ma da na yabe shi a kai, da na fita da shi rana sai na ga wuraren da na fi gogawa sun ɗan yi toka-toka, sun fi sauran jikin haske, kuma ƙananan tudun ɓarzajjen jikin sun ɗan lafa. Ba ɓarna ce babba ba, na shafa man kula da roba ya rufe, kuma ya fi fararen layukan da kyau. Sai dai ba zan sake cewa bai taɓa robar ba. Ya taɓa ta, baƙin jikinta da rashin santsinta ne suka rufa masa asiri.

Ga kuma marmashinsa. Soson yana ƙarewa yana aiki, yana zubar da farin gari da ƙananan gutsattsari. Yanka ɗaya bai gama mini murfi ɗaya ba ya zama ɗan lagwani. Garin nan ya shiga cikin makullai da mahaɗin murfi, wani kuma ya bi ta bakin alminiyam ya sauka a kan karammiskin ciki. Wannan ya tayar mini da hankali fiye da yadda za ku zata, domin a kan karammiskin nan bayan jita yake kwanciya yana ɗan motsi a tafiya, kuma na riga na ga abin da wannan gari yake yi wa fenti. Sai da na bi cikin da injin shara da buroshi lungu-lungu kafin na yarda na mayar da jitar. Wanda zai yi wannan aiki ya fitar da abin kiɗan ya kai wani ɗaki, ya rufe akwatin ya kulle, sannan ya fara. Kuma garin ba ya ɓacewa don ka wanke shi a famfo. Wani bincike da aka buga a 2024 a mujallar Environmental Science & Technology ya auna cewa kowane giram ɗaya da ya goge daga irin wannan soso yana sakin siraran zaren roba kusan miliyan 6.5, kuma ruwa suke bi. Binciken ya nuna wanda kumfarsa ta fi cika ya fi jinkirin ƙarewa. Nawa irin mai sakwa-sakwa ne, kana matse shi yana yagewa.

Tunda abokan da na tura wa hoto sun fara tambayata, bari in ƙara abin da na sani game da sauran hanyoyin da ake ba mutane shawara a kai. Ruwan goge jan farce, wanda yawanci asiton ne, kada ya kusanci akwatin ABS. Narkar da ita yake yi, ba wai dusashewa kawai ba, har masu buga abubuwa da injin 3D suna amfani da tururinsa da gangan don narkar da saman ABS ya yi sumul. Ɗigo ɗaya zai bar maka tabo mai danƙo da ba ya gyaruwa. Sifirit kaɗan a auduga yana ɗauke wasu shafe-shafen da tawada a kan roba, amma a gwada a lungu, a bari ya bushe, a duba a hasken rana ta gefe, kuma ya yi nesa da abin kiɗan kansa. Banish ɗin da ake shafa wa gogen kiɗa irin na Turawa da yawa sifirit ke narkar da shi, haka fentin naitiro da ake fesa wa jitocin kamfanoni irin su Gibson da Martin ba ya jituwa da irin waɗannan sinadarai, ko robar madaurin jita ta daɗe a jikinsa tana iya cin sa. Don haka duk abin da ka shafa wa akwati, ka bar shi a buɗe ya sha iska sosai kafin jita ta koma. Akwatin katako da aka lulluɓe da Tolex, wannan ledar mai kama da fata da kamfanin Fender ke rufe amfilifaya da ita tun wajen 1960, shi ba ya son komai sai sabulu da tsohon buroshin haƙori da ruwa kaɗan, don kada ruwan ya bi ta ɗinki ya saki gam. Ban gwada soson a kansa ba kuma ba ni da niyya.

Ragowar gam ɗin sitikar da ya gagari soson, man laita a tsumma ne ya ɗauke shi nan take. Ɗan ramin kusa da makullin Yaya yana nan, Baba ya ce sai an ɗiga masa fenti da bakin tsinke, kuma ba za a samu shuɗin daidai ba, muka bar shi.

Idan akwatinka na roba ne mai ɓarzajjen jiki, ya tsufa, kuma sabulu ya gaza, soson zai yi maka aiki, ka goga a hankali ka tsaya da zarar tabon ya fita. Idan kana ganin fuskarka a murfin, ko na faiba ne, ko na kabon, ko robar folikabonet mai santsi, kada ma ka buɗe ledar, ka nemi man goge fenti mai laushi da tsumma mai kyau. Maki biyu cikin biyar na ba shi a shafin da na saya, na haɗa da hoton murfin a hasken taga, kuma na sake rubuta wa abokan nan ɗaya bayan ɗaya na janye maganar da na yi musu a daren farko, domin biyu daga cikinsu akwatunansu masu sheƙi ne.